Tulun Iri da Bindigar Laka

Bana ko kwana goma Disamba bai yi ba yaran Durumi suka fara. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince shinkafar da zan dafa in kai tashar Jabi, sai na ji tau! a bayan katangar kwanonmu. Faranti ya suɓuce, shinkafa ta watse, kajin maƙwabta suka samu nasu Kirsimetin tun da wuri. Na dafe ƙirji na yi zaune. Na kusa shekara sittin a duniya, amma har yau in nokawut, abin fashewar nan na wasan yara, ya tashi kusa da ni sai hancina ya cika da ƙaurin dawa ko da ba a ƙona komai a unguwar ba.

Jikata Alheri ta shigo da gudu tana dariya. Wai shagon Alhaji an kawo sababbi, masu tashi sau uku. Wai ita ma a saya mata.

Na ce, "Ba a gidan nan ba."

Uwarta Godiya tana ɗaki tana guga. Ita ce 'yata ta fari, shara take yi a wani ofis cikin gari. Ta leƙo ta ce, "Haba Mama, kwali ɗaya fa. Kowace shekara sai kin hana yaran nan jin daɗi. Me nokawut ya yi miki ne wai?"

Na duƙa ina tsince shinkafata daga ƙasa. Ita ma ba amsar take jira ba. Ta ci gaba da ba ni labari cewa oganta ya ce bana a bakin tafkin Jabi fitilu za a harba sama, masu canza kala, babu ƙara babu hayaƙi, don kada a dami tsofaffi da marasa lafiya, kada kuma a ƙazantar da ruwan. Na ce to, madalla, Allah ya ba su sa'a. A zuciyata na ce sai yanzu suka gane.

Abin da ya fi nokawut ɗin ci mini rai shi ne maganar da Godiya ta yi ranar Lahadi. Mun je gaisuwar rasuwa Jiwa, a hanyar dawowa keke ya bi da mu ta gefen rafi, inda yanzu gidaje ne reras masu jan rufi. Na nuna wa Alheri na ce nan ne gonarmu a da. Godiya ta yi tsaki ta ce, "Baba dai ya yi sakaci, Allah ya ji ƙansa. Da ya riƙe wurin nan da yanzu ba ma zaune a ɗakin kwano muna jiran ranar da za a zo a rushe." Ba yau ta fara faɗa ba. Kullum shiru nake yi, shirun kuma ya ishe ni.

Bari in faɗi yadda gonar ta tafi.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Mun sauko daga garinmu na kan dutse ni da maigidana Bitrus, lokacin ana ta gina Abuja, ko'ina ka duba tifa ce da leburori. Bitrus yana leburanci a wurin gini da rani, amma shi manomi ne har cikin ƙashinsa, siminti bai taɓa shiga ransa ba. Wani dattijo Bagwari a Jiwa, Baba Shekwolo, ya ba mu aron gona da ɗaki ɗaya a gefen gidansa. Sharaɗin a fili yake, kowa a garin ya san shi: in baƙo ya noma gona damina uku a jere bai bar ta ta kwanta ba, za a yanka masa gefe ya yi gini, ya zama ɗan gari. In kuwa damina ta zo bai shuka ba, sai a ba wani, don masu jira suna da yawa. Mun yi biyu. Saura ɗaya.

Damina ta biyun ruwa ya ɗauke da wuri, kowa ya girbi kaɗan. Mu dai mun samu dami goma sha huɗu na dawa, muka jera su a fili tsakanin ɗakinmu da rumbun Baba Shekwolo. Matarsa Mama Talatu, mai ginin tukwane, ta yi ta yi mini magana. Hausarta irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

"Amarya, ka sa dawa a rumbu. Ciyawa ya bushe, ka gani ko?"

Na ce, "Mama, mu a wurinmu hatsi ba ya shiga rumbu sai an fitar da na Allah an kai coci. Ranar Lahadin da ke bayan Kirsimeti za mu kai."

Ta ce, "Allah bai ce ka bar abinci a waje ba." Ta wuce da itacenta a kafaɗa.

Ana jibi Kirsimeti Bitrus ya dawo daga wurin gini da wani ɗan kwali a aljihu, yana ta murmushi. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi. Ni ban taɓa ganin nokawut ba sai ranar. Da safen Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, yaran gari suka taru a ƙofarmu, Kirista da Musulmi da waɗanda ba su zuwa ko'ina. Bitrus yana ƙyasta shi a jikin kwalin ashana yana jefawa can nesa wajen hanya, don shi mutum ne mai lura. Yara suna ihu suna toshe kunne. Godiya tana bayana, watanta takwas, tana firgita tana ƙanƙame ni. Wasu guda huɗu ko biyar suka ƙi tashi, suka yi ɗan hayaƙi suka mutu. Aka watse, kowa ya tafi yawon cin shinkafa.

Ni ce na yi shara. Ba na son baƙi su zo su ga ƙofata da tarkacen jan takarda. Na share duka, har da waɗanda suka ƙi tashi, don a ganina sun mutu, na zuba a juji bayan dammunan. Da na sauke tukunyar miya na kwashe tokar murhu, da sauran garwashinta, na juye a kai kamar yadda nake yi kullum. Na goya Godiya na tafi kai wa matar fasto abinci.

Ina gidan fasto na ji ƙarar, tau, tau, can nesa. Har na yi dariya na ce yaran nan ba su gaji ba. Sai wata mata ta ce, "Maman Godiya, hayaƙin can ba wajen gidanku ba ne?"

Ban san yadda na iso ba. Rana tsaka ce, wutar ma ba a ganinta sosai, sai dai iska tana rawa a samanta, dawa tana ƙara tas-tas-tas kamar ana soya gugguru. Rafi ya ja baya, kafin a ɗebo ruwa a bokiti an gama. Mutane suna watsa ƙasa, suna bugu da ɗanyen ganye. Na hango Bitrus cikin farar rigarsa ta coci ya kutsa ya rungumo dami ɗaya yana ci da wuta, ya jawo shi waje ya faɗa kansa yana kashewa da hannu. Ya sake yunƙurawa zai koma, maza suka riƙe shi. Wutar ta lashi jinkar rumbun Baba Shekwolo ta cinye musu kusan rabin abin da ke ciki kafin a ci ƙarfinta.

Da yamma na faɗa wa Bitrus abin da na yi. Yana kwance, hannayensa biyu Mama Talatu ta shafe su da wani magani mai wari, ya ɗaga su sama don ko iska ta taɓa sai ya cije baki. Ya ce, "Ni na kawo shi gidan." Daga ranar bai sake ta da maganar ba, ko cikin faɗa.

Damin da ya ceto, gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya lafiya lau. Na sussuke mai kyan, na sheƙe, ya ba da abin da zai isa a shuka gonar tas in an yi hankali. Muka gauraya shi da toka saboda ƙwari, muka zuba a wani tulu da Mama Talatu ta ba mu, aka liƙe bakin da yumɓu, aka ajiye a lungun da hayaƙin murhu ke bi. Bitrus ya ce, "Wannan ba abinci ba ne, Saratu. Wannan gidanmu ne." Babu wanda za mu roƙa iri. Shekarar ba ta yi wa kowa kyau ba, Baba Shekwolo kansa sai da ya aika wa danginsa su taimaka masa, kuma wutarmu ce ta ja masa. Da wane ido za mu je?

Watan farko ƙonanniyar dawa muka ci. Na bi tokar da rariya ina tsince duk ƙwayar da ba ta zama gawayi ba. Tuwonta baƙi, ɗaci, in ka yi gyatsa hayaƙi kake ji. Wannan ƙaurin ne yake bina har yau. Bayan ta ƙare muka koma kan 'yar doyar da muka binne a gindin mangwaro. Coci suka haɗa mana abin da suka iya, mudu nan, rabin mudu can. Wata Bahaushiya mai ƙosai, da ban ma san sunanta ba, ta riƙa ajiye mini guntattakin da ke zama a ƙasan mai. Zuwa ƙarshen Fabrairu duk wannan ya ƙare, kowa ya koma duba tukunyarsa.

Sai zafi ya sauko. Wanda bai yi bazara a ƙasar nan da yunwa a cikinsa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Tun hantsi duwatsu suke fara huci. Ɗaki ba ya zaunuwa, inuwa ba ta da sanyi, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Bitrus ba ya iya riƙe ko cokali, balle shebur, aikin gini ya wuce shi. Yana zaune a gindin mangwaro yana kore ƙuda daga hannuwansa da baki. Ni ke ba shi abinci, ni ke ɗaura masa wando, abin da ya fi yunwar ƙona masa rai ke nan.

Ni kuwa na zama 'yar aikin Mama Talatu. Da asuba mu tafi ramin yumɓu mu huɗu ko biyar, mu haƙo, mu ɗauko. Su a kafaɗa suke ɗauka, ni a ka, suna yi mini dariya wai zan lalata kan da Allah ya ba ni don tunani. Mu dawo mu jiƙa, mu daka, mu tattake da ƙafa har ya yi laushi. Ranar gashin tukwane mu yini muna jan itace da ciyawa, ga zafin sama ga na wuta. Ladana shi ne ɓawon doya busasshe da dusa, wani lokaci rogo. In daka ɓawon in tankaɗe in tuƙa, ya fito wani iri, mu haɗiye da miyar kuka ba mai ba daddawa. Da ɗorawa ta nuna muka koma shan garinta, bakinmu rawaya kamar na yara. Ɗanyen mangwaro kuwa na ci har haƙorana suka mutu.

Mu manya mun iya jurewa. Godiya ce ba ta iya ba. Nonona ya ƙafe, ta ja ta ja ta saki ta yi kuka, daga baya kukan ma ya zama ɗan siriri kamar na kyanwa. Na ba ta kunun rogo, ya bi ta da gudawa. Na ba ta na dusa, ta dawo da shi. Wuyanta ya yi tsawo, gashinta ya yi ja, maɗigarta ta faɗa. Yarinyar da ta fara rarrafe ta koma kwanciya, in na ajiye ta a tabarma a nan zan dawo in same ta.

Wata Laraba Bitrus ya tafi Gwagwa a ƙafa a duba masa hannu. Na zauna ni da ita da tulun. Na daɗe ina kallonsa. Allah ya sani na san abin da ke ciki, na san da me aka saye shi. Na ɗauki wuƙa na ɓanɓare yumɓun bakin, na ɗebi tafi ɗaya. Na wanke tokar, na jiƙa, na niƙa a dutse, na tace, na dama mata ɗan kunu mai ruwa-ruwa. Ta sha. Ta kama ludayin da hannu biyu ta ƙi saki. Ya zauna a cikinta, ta yi barci har la'asar, ni kuwa na zauna ina kuka ban san ko na murna ne ko na tsoro ba.

Na ce sau ɗaya ne. Ƙarya nake yi wa kaina.

Matsalar ita ce Bitrus yana da wata al'ada. Duk Lahadi in mun dawo daga coci sai ya je lungun ya sa gwiwar hannu ya ɗan jijjiga tulun ya ji nauyinsa, sa'an nan ya zauna. Don haka duk tafin dawar da na ɗiba sai in mayar da tafin yashi, busasshe, wanda na tankaɗe. In liƙe bakin da sabon yumɓu, in shafa masa baƙin tukunya don kada ya nuna sabo ne. Na ƙware, abin kunya. Kwana biyu, kwana uku, in faki idonsa in buɗe.

Yumɓun a wurin Mama Talatu nake gutsurowa. Ran nan ta kama ni ina ƙulle shi a bakin zane. Ta dube ni, ta dubi Godiya a bayana, wadda idonta ya fara washewa.

"Wane tukunya ne yana fashewa kullum a ɗakinka?"

Na ci gaba da ƙulle bakin zanena.

Ta ce, "Ka sa yashi kaɗan a cikin yumɓu, in ba haka ba zai tsage, maigida zai gani." Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Hadari ya fara haɗuwa a Afrilu. Ya taso baƙi ƙirin daga bayan duwatsu, iska ta kwashe shanya, mu fito da tukwane da bokitai, sai ya watse ya bar mu da zafin da ya fi na jiya. Sau nawa aka yi mana haka. Ranar da ruwan farko ya sauka na tsaya a cikinsa da Godiya, ƙamshin ƙasa ya tashi har sai da na ji kamar in ɗiba in ci. Washegari shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, muka tara a kwano muka soya da gishiri, ranar ce muka fara cin abin da ke da maiƙo tun Kirsimeti. Tafasa da rama suka tsiro a bayan gida. Kowa yana murna. Ni kuwa duk saukar ruwa gabana faɗuwa yake, don na san ranar buɗe tulu tana matsowa.

Hannun Bitrus ya warke, sai dai yatsu uku na dama sun ƙage, ba su miƙewa. Maza suka yi masa gayya ba tare da ya roƙa ba, ba kuma tare da tuwon gayya ba, don sun san babu. Mutum goma sha ɗaya suka yini suna ta da kunya, ruwa kawai na kai musu. Gonar ta kwanta baƙa, a shirye, tun daga hanya har bakin rafi. Sau uku na buɗe baki zan faɗa masa, sau uku na ga yadda yake kallon gonar na haɗiye.

Da ruwa ya zauna aka sa ranar shuka. Da sassafe ya ɗauko tulun a ƙirji ya fito da shi tsakar gida. Matan da za su taya mu shuka sun zo da ƙoransu, Baba Shekwolo yana tsaye da sandarsa. Aka shimfiɗa tabarma. Bitrus ya yi addu'a, ya fasa bakin, ya tuntsurar.

Dawa ta fara zubowa, sai yashi ya biyo. Ya yi ta zuba, shuuu, ya taru a tsakiyar tabarma, ƙwayoyin dawa suna gangarowa ta gefe. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ina jira ya juyo ya tambaye ni, ko ya ɗaga hannu, wanda bai taɓa yi ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi.

Bai dube ni ba. Godiya ya duba. A makon ne ta fara tsayuwa, tana riƙe da zanena da hannu ɗaya, kumatunta sun dawo, tana miƙa ɗayan hannun wai a ba ta yashin ta yi wasa. Ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya ce, "Saratu, miƙo mini faifai."

Shi da kansa ya sheƙe, da ƙagaggun yatsunsa. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Muka shuka ɗan zirin da ke bakin rafi, kafin rana ta take mun gama, mata suka koma gida. Baba Shekwolo ya ba mu mako guda ko za mu samo iri. Bitrus ya taka har Karmo da Gwagwa, ya dawo hannu wofi, kowa ya riga ya zuba nasa a ƙasa. Ran na takwas dattijon ya zo ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Bitrus, ba ni kaɗai ke da magana a kan ƙasar nan ba. An ta da kunya, ba za a bar shi ciyawa ya cinye ba. Akwai mai iri yana jira." Bitrus ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Mun gode." Aka ba wani mutumin Nasarawa. Jikokin mutumin ne suka sayar da wurin da aka yi gidaje masu jan rufin nan.

Mun ƙara shekara ɗaya a Jiwa a kan ɗan zirin. Da Kirsimeti ya zagayo dattawan gari suka ce duk yaron da aka gani da nokawut shi da ubansa za su amsa tambaya. Yara suka yi ta zumɓure-zumɓure, suna harararmu in sun wuce, mu ne muka ja musu. Ranar Kirsimeti da la'asar Mama Talatu ta fito da ƙwarya cike da laka ta zauna a kan falalen dutsen da muke shanya. Ita ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci. Ta kira yaran ta ce su zo su ga bindiga.

Ta gutsuri laka kamar dunƙulen hannu, ta murza, ta sa babban yatsa ta buɗe shi ya zama ɗan kasko, gefe mai kauri, gindi siriri kamar ganye. Ta tofa ɗan yawu ta shafe gindin, ta ɗaga sama, ta kifa shi a kan dutsen da ƙarfi. Fau! Gindin ya fashe, laka ta fantsama a fuskar yaran. Suka yi tsalle da baya, sa'an nan suka ruɗe da ihu. Ta ce haka suke yi tun suna yara in iyayensu na gini. Ta koya musu dokar wasan: in naka ya fashe, abokin karawarka zai gutsuro daga lakarsa ya toshe maka ramin, wanda ya fi tara laka shi ya ci. In an gama a tattara a jiƙa, gobe a sake. Kafin magariba manya ma sun tuɓe rigunan coci sun shiga. Bitrus ya gwada da hagu, nasa ya faɗi ta gefe ya yi ɓat kamar kashin saniya. Ya yi dariya har da hawaye, dariyar da rabon da in ji ta shekara guda cur.

Daga nan muka dawo Durumi. Bitrus ya yi gadi shekara da shekaru, na yi abincin sayarwa, muka haifi wasu uku. Bai sake riƙe garma ba. Shekara shida ke nan da ya rasu, bai taɓa faɗa wa Godiya ba, ya kuma hana ni. Ya ce yarinya ba ta roƙi kowa ba.

Jiya na rufe abinci da wuri na ɗauki bokiti na bi rafin bayan unguwa. Da ƙyar na samu laka mai kyau, ko'ina leda ce da robar ruwa, sai da na yi nisa na haƙa da wuƙa. Bayana har yanzu bai yafe mini ba. Na dawo na zauna a kan simintin bakin famfo na kira Alheri da ƙawayenta. Da farko kallon mahaukaciya suka yi mini. Da na kifa na farko ya yi fau, sai ga su sun zube a ƙasa kowa na cewa Kaka ni, Kaka ni. Har Alhaji mai shago ya leƙo ya ce, "Maman Godiya, za ki kashe mini kasuwa ke nan?" Na ce, "Ka sayar musu da sabulu, Alhaji, yau uwayensu za su nema."

Godiya ta dawo daga aiki ta same mu dumu-dumu. Ta tsaya tana girgiza kai, sa'an nan ta cire takalmi ta tsuguna kusa da ni. Na gutsura mata. Tana murzawa ta ce, "A ina ma kika koyi wannan?"

Na ce, "A Jiwa."

Ta ce, "Jiwa dai. Ni har yau na kasa gane yadda mutum zai samu wuri kamar wannan ya sake shi. Wai me Baba ya yi da gonar nan ne, Mama?"

Na dubi hannuna. Na gaji, gaskiya. Na ce a raina, Bitrus, ka yi haƙuri, ba zan bari ta ci gaba da kiranka mai sakaci ba.

Na ce, "Babanki bai yi komai da ita ba. Ke kika sha ta, Godiya. Ni na dama miki, na ba ki da ludayi."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta daina. Na faɗa mata duka, tun daga sharar har faifan, yara suna ta fau-fau a gefenmu. Ba ta katse ni ba. Lakar tana hannunta har ta fara bushewa.

Can ta ce, "Yatsunsa fa? Ya ce mini injin wurin gini ne."

Na ce, "Dawarki ya ciro daga wuta."

Ta sunkuyar da kai. Alheri ta zo ta tsaya a kanta da ɗan kaskonta da ya fashe, tana cewa Mami nawa ya yi rami babba, ki biya ni. Godiya ba ta gutsura ba. Ta miƙa mata lakar duka.